Waƙar Tsohuwa, Ba Tsohuwar Waƙa Ba

Ƙaura Namoda

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen da suka sauke ka a Kano, ko da yake ban san su ba. Tun da motarku ta tashi daga tasha nake bin ka da addu'a gari-gari, Gusau, Tsafe, Funtuwa, har inda sunayen garuruwan suka ƙare mini, na bar wa Allah sauran. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya haɗa ka da waɗanda za su riƙe ka da gaskiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a aljihunka. To, wayar ce ta jawo. Ta riga ta cinye mini kalma ɗaya, kuma kalmar nan ce ta kai mu inda muke yanzu, don haka ba zan sake ba ta amanar magana mai nauyi ba. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da riƙe biro haka tun ina zuwa makarantar matan aure. Babanka zai ba wani direba abokinsa ya kawo maka.

Ga abin da nake so kafin komai: kada ka shiga situdiyon nan da waƙar Roro sai ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Na san saboda ita suka kira ka. Na san ɗan guntun da ka rera a waya shi ya yi ta yawo har ya kai kunnensu, kuma mako mai zuwa za ku ɗauki cikakkiya. Ni ma na yi murna, har guɗa na yi a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Amma akwai magana a kan waƙar nan, kuma ni kaina ban gama gane ta ba. Zan faɗa maka yadda ta zo mini, wataƙila kai ka ga bakin zaren da ni na kasa gani.

Bari in fara da inda na samo ta. Lokacin da aka kawo ni Gurbin Bore daga Badarawa ina amarya, ɗakina yana jikin rumfar da kakarka take niƙa. Ku kuna ce mata Iya. Ni Tsohuwa nake ce mata in ba ta wurin, don uwar miji ce, bakina bai taɓa kama sunanta ba, kuma ba yanzu zai fara ba. A lokacin babu injin niƙa kusa da mu. Da hantsi za ta durƙusa kan dutse, tana niƙa tana wata 'yar waƙa can ƙasa-ƙasa:

Roro, Roro, shigo gida,
Rana ta hwaɗi, shigo gida.
Roro, Roro, tuwo ya huce,
Kowa ya koma, shigo gida.

Ni 'yar manoma ce, na yi roron wake tun ban fi tsawon karan gero ba, don haka da na ji ban ko tsaya tunani ba. Na ce wannan waƙar masu roro ce, ana kiran su su bar gona haka nan yamma ta yi. Ta yi mini daɗi, ta zauna mini a ka. Abin da na lura da shi kawai, da zarar na ɗaga labule na fito sai ta yi shiru, sai ƙarar dutse. Na ɗauka kunyar suruka ce. Ban taɓa jin ta a bakin wata mace a garin ba, ko wurin daɓe ko wurin biki ko a gonar waken kanta, amma wannan bai sa na yi tambaya ba. Da muka dawo Ƙaura babanka ya fara aikin mota, na taho da waƙar tare da kwanukana, na yi muku reno da ita ɗaya bayan ɗaya. Kai ka fi kowa rigima, kai ka fi kowa shan ta.

Yanzu da nake juya abin, gani nake kamar tsintuwa na yi ban yi cigiya ba. In mutum ya tsinci akuya yana cigiya, kowa ya san wannan. Amma wa ya taɓa jin an yi cigiyar waƙa? Kuma har yanzu ban tabbata kamar akuya take ba, don akuya in ka ja ta mai ita ya rasa, waƙa kuwa ka ɗauka tana nan a bakin mai ita ba ta rage ba. To me na ɗauke mata? Ban san sunan abin ba, amma na ɗauki wani abu. Shawarata a nan ita ce, duk abin da kunnenka ya tsinta a Kano, kiɗa ne ko baiti ko wata 'yar magana mai daɗi, kafin ka sa shi a bakinka ka tambaya na wane ne. Tambayar ba ta cin komai sai 'yar kunya, ni kuwa kunyar ce na kasa biya.

Sai maganar wayar. Ka tuna ranar da ka kira ni daga Gusau ina cikin kasuwa, kusa da masu markaɗe? Muryarka tana zuwa tana yankewa, ka ce:

"Inna, waƙag ga ta Roro, ta wa ta? Mutanen Kano ka tambaya."

Na toshe kunne ɗaya na ce, "Ta Tsohuwa ta."

Ka ce, "Tsohuwa ta? To madalla!"

Daga nan sabis ya ɗauke. Kabiru, ka duba da kyau. Ni "ta" biyu na faɗa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta gaban nan, wadda ke nuna abin na wani ne, ita ta faɗi a hanya tsakanin Ƙaura da Gusau. Ni na ce waƙar Tsohuwa ce, kai ka ji tsohuwar waƙa ce. Ni ina nufin mace guda mai rai da ke zaune a Zurmi gidan gwaggonka, kai ka fahimci irin ta kaka da kakanni wadda ba a san wanda ya fara ta ba. Kuma ba laifinka ba ne, don ba ka taɓa jin Iya ta buɗe baki da waƙa ba, tun kafin a haife ka ta daina niƙa.

Da ka dawo gida kana ta tsalle, ka ce sun ce tunda ta gargajiya ce ba matsala. Na ji kalmar, wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya, amma sai na ce a raina ai Tsohuwa ma mutuniyar gargajiya ce, wataƙila haka 'yan Kano ke faɗin abin. Ka ga irin hankalin uwarka. Da na buɗe baki na ce ta kakarka ce, uwar babanka, da tun ranar an gama. Amma mu an saba mana da kewaye-kewaye, a ce mutanen gidan nan, a ce wancan, a ce mai sunan wane. A zaman gida wannan ladabi ne. A sana'ar da ka shiga kuwa, na ga alama kewayen nan ɓarna yake yi. In an tambaye ka abu na wane ne, ka faɗi sunansa ɓaro-ɓaro, ka maimaita, ka sa wanda ya tambaya ya maimaita maka abin da ya ji.

Kuskurena na uku ya fi ba ni haushi, don a nan ne na yi kyauta da kayan wani ina jin kaina mai kirki. Da za ka ɗora guntun a waya ka zo ka durƙusa ka ce, "Inna, kin yarda in yi ta?" Raina ya yi fari ƙal, na ce a zuciyata ga ɗa mai tarbiyya. Na ce, "Na yarda, Allah shi yi albarka." Ka tashi da ganin ka nemi izini an ba ka. To albarka tawa ce, ina da ita, na ba ka, kuma ban janye ba. Amma izinin ba a hannuna yake ba. Ni mai rerawa ce kawai, kamar yadda babanka ke tuƙa motar da ba tasa ba, ba ya iya sayar da ko madubinta. Ka kiyayi irina, Kabiru. Za ka haɗu da mutane masu faɗin "ɗauka, ba komai" da zuciya ɗaya a kan abin da ba su da iko da shi. Ba mugunta ba ce, amma yardarsu ba ta wanke ka.

Ana sauran kwanaki kaɗan ka tafi gwaggonka Hauwa ta kira ni daga Zurmi. Ka san tun da zaman ƙauye ya gagara Tsohuwa take wurinta. Ta ce an yi biki a maƙwabtansu, mai lasifika ya yi ta maimaita guntun waƙarka, mata suna rawa a duƙe kamar masu tsintar wake, irin rawar da ka yi a bidiyon. Tsohuwa tana zaune a tsakar gida ta tambaya muryar wa ce. Gwaggonka da murnarta ta ce, "Mijinki na, Kabiru." Ta ce sai kawai Tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki. Tun ranar abinci sai an yi da gaske take taɓawa, kuma ba ta ƙara kiran ka mijinta ba kamar yadda ta saba tsokanar ka, sai dai ta ce yaron nan.

Ban gaya maka ba. Kana ta guga kana ninke kaya kana waƙa, na kasa. Na gaya wa babanka, shi kuwa ka san shi, ya ce, "Waƙa ta hwa, ba gona ta ba. Tsuhwa na kawai, ki bar ta ta huce." Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na yi ta lissafi ni kaɗai. Ko haushi take ji jikanta ya zama mawaƙi? Ko don ba a tambaye ta ba? Ko wani ya gaya mata ana samun wani abu da waƙa, ta ga an ci an bar ta?

Ana cikin haka kawunka Malam Sani ya zo daga Shinkafi, na ce yauwa, ga malamin makaranta, bari in tambaya. Na zayyana masa komai. Ya gyara zama ya ce, "Yaya, wanga batun haƙƙin mallaka na." Na ce a'uzubillahi, mallaka kuma? Ni mallakar da na sani ita ce wadda ake zuwa wurin boka a yi wa namiji, ya koma sai yadda aka yi da shi. Na ce masa ni ban taɓa yi wa kowa ba, kuma Tsohuwa da carbinta ba za ta yi wa jikanta ba. Ya yi dariya har ya ƙware da fura. Da ya dawo daidai ya yi mini bayani, kuma zan rubuta maka yadda na riƙe, in na karkace ka gyara.

Ya ce wanda ya ƙirƙiri abu da kansa, waƙa ko littafi ko zane, doka ta ba shi iko a kansa. In za ka ɗauke shi a na'ura, ko ka sayar, ko ka rera a taron jama'a, ko ka yaɗa a waya, ko ka sake masa fasali, sai da yardarsa. Na ce to ni da na yi shekaru ina rera wa 'ya'yana, ɓarauniya ce ke nan? Ya ce a'a, abin da mutum ya yi a ɗakinsa don kansa ba ya cikin wannan, haka malami in ya ɗauko ɗan kaɗan don koyarwa ya faɗi mai shi. Na ji sanyi. Ya ce ko mai abu ya rasu ikon ba ya mutuwa nan take, yana komawa ga magada har shekaru masu yawa. Na ce to, kamar gona ke nan, ashe babanka bai yi daidai ba.

Har nan ina biye da shi. Sai ya ce amma fa doka ta fi gane abin da aka rubuta ko aka ɗauka a na'ura, wanda ke baki kawai yana da wuyar kafa hujja a kansa. Na ce Tsohuwa ba ta rubutu, kuma wanda ya fara sa waƙar a na'ura Kabiru ne, to ta zama tasa ke nan? Ya ce a'a, muryar da aka ɗauka daban, waƙar kanta daban, kuma in situdiyo ta ɗauka su ma suna da nasu haƙƙin a kan abin da suka ɗauka. Na ce waƙa guda mai baiti huɗu, masu ita har nawa? Ya sosa ƙeya. Sai kuma ya ƙara da wadda ta gama rikita ni, ya ce ai ko da ta gargajiyar ce da gaske, ba a ce kowa ya kwasa ya kai kasuwa ba, ita ma akwai hukumar da ake neman yardarta. Na ce tsaya, Sani. In ta Tsohuwa ce sai an tambaya, in tsohuwa ce ma sai an tambaya, to madallar da yaron nan ya yi a waya ta mece ce? Ya ce shi dai malamin lissafi ne, ba lauya ba, a nemi wanda ya sani.

Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita na fi ganewa, kuma ita nake miƙa maka. Ka nemi wanda ya san dokar nan da gaske, wanda ba na situdiyon ba, ya zauna da kai. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka gane ba don kunyar a ce kai ɗan ƙauye ne. Kuma waƙoƙin da ka tsara da kanka, waɗanda kake hana mu barcin rana da su, ka rubuta su, ka sa sunanka, kada ka yi musu irin kyautar da na yi. Na san halinka, in an yaba maka sau biyu har rigar jikinka kana iya cirewa.

Bayan ka tafi na shiga motar safe na nufi Zurmi, don in dawo kafin la'asar, ka san yadda hanyar take. Duk tsawon tafiyar ina haddace abin da zan faɗa. Na shirya tsaf da ilimin kawunka, ina jin kaina kamar mai zuwa sasanta rikicin gado.

Na same ta a inuwar ɗaki kan tabarma, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Gwaggonka ta kawo ruwa ta ba mu wuri. Na sunkuyar da kai na ce:

"Iya, mun yi kuskure. Waƙarki ta, munka ɗauka ba mu tambaye ki ba. Amma za a gyara. Za a sa sunanki ga bidiyon kowa shi san ke kinka yi ta, kuma duk abin da anka samu da rabonki ciki."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zo mata da maganar aure. Ta ce, "Sunana? Ga waya? Da tsuhwana? Ke, lahiyarki ƙalau?"

Duk abin da na haddace ya watse. Na ce, "To Iya, mi kike so a yi?"

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Ke da kinka ɗauki waƙag ga, kin san wanda nika kira?"

Na ce, "Masu roron wake, Iya."

Ta ce, "Ɗana na."

Kabiru, ban gane ba da farko. Na ɗauka babanka take nufi. Sai ta ci gaba, a hankali, ba ta ko kallona:

"Ɗan hwarina, wan mijinki. Ina gona ina roro naƙuda ta kama ni, shi ya sa anka riƙa ce mai Roro. Sunanai na yanka ban taɓa hwaɗi ba, kin san ba a hwaɗin na ɗan hwari. Ko laƙabin ma kunya nika ji. In ya tahi wasa ba ni iya tsayawa ƙohwar gida in ƙwala mai kira kamar sauran uwaye. Sai na ɓoye shi cikin waƙa, wanda duk ya ji shi ɗauka wake nika wa. Shi ɗai ya san da shi nike. Da ya ji sai ki gan shi ya sheƙo da gudu, ƙahwahu duk ƙasa."

Ta ce baƙon dauro ne ya ɗauke shi, ko kaciya bai kai ba. Ta ce bayan ya rasu ba ta ƙara yin waƙar da ƙarfi ba, sai in tana niƙa, don ƙarar dutse ta rufe. Ba ta san akwai amarya a bayan bango tana kwashewa ba.

Sannan ta ce, "Ranar bikin ga ina zaune sai na ji ana kiran ɗana ga lasihika, gari duk na ji, mata na rawa suna shewa. Wallahi har na tashi in duba ƙohwa."

Na yi kuka, Kabiru, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ita ba ta yi ba. Kunya ta kama ni, ga tausayi, ga haushin kaina, na rasa wanda zan fara ji. Na tuna yadda nake jijjiga ku ina kiran sunan yaron da ke kabari ina dariya. Da na samu bakin magana na ce, "Iya, in ce mashi shi bari gaba ɗaya?"

Sai na ga bakinta ya ɗan motsa. Ta ce, "Muryatai ta yi daɗi, ja'iri. Bai ɗauko ta gidanku ba." Sannan ta gyara zama ta ce, "Ki hwaɗa mai, waƙa na ba shi. Rana da tuwo da shigo gida, duk shi ɗauka shi ci abinci da su. Sunan ɗana ban ba shi ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta kira gwaggonka ta ce a kawo mata fura.

Da na dawo na gaya wa babanka. Ya san an yi masa wa da ya rasu tun kafin a haife shi, amma bai taɓa sanin Roro laƙabinsa ne ba, ba wanda ke ambatonsa a gidan. Mutumin da ya ce waƙa ba gona ba ce ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon ƙasa, ranar ko tasha bai koma ba.

To ga inda na tsaya, kuma a rikice na tsaya. Na kira kawunka, ya ce a iya saninsa kalma guda ba ta da mai ita a doka, roro kuma kalmar kowa ce, kowane manomi yana faɗin ta. Ke nan abin da doka za ta iya tsare mata, wato baitocin, shi ta ba ka kyauta. Abin da ta hana kuwa, wataƙila ba alƙalin da zai hana ka. Ni na kasa haɗa wannan lissafin. Kuma na san sunan nan shi ne amshin, shi mutane ke maimaitawa, shi ake wa rawar, in an cire shi ban san abin da ya rage ba. Guntun da ya riga ya shiga wayoyin mutane kuma ban san yadda ake kiran sa ya dawo ba. Kawunka ya ce kana iya sauke naka, amma na hannun jama'a sai Allah.

Ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa mutanen Kano su ce in ba Roro ba su so. Mai yiwuwa ka dawo Ƙaura da jakarka yadda ka tafi, abokanka su yi maka dariya. Na san abin da wannan tafiya take a wurinka, na ga yadda ka yi ta fama kafin ƙofa guda ta buɗe. Ba ni da bakin ba ka umarni, ni da na ɗauko abin tun farko. Amma in shawarata kake so, ka je ka same su kafin ranar ɗauka, ka ce an yi kuskuren ji. Ka ce waƙar tana da mai ita, tana da rai, ta yarda, amma ba ta son a faɗi sunanta, kuma ta riƙe kalma ɗaya. Yadda ake rubuta yardar mutumin da ba ya son a ambace shi, wannan su da lauyan suka sani, ni kaina ya ƙulle. Kai mawaƙi ne, Allah ya ba ka kai, ka nemi abin da za ka sa a gurbin. In ka samu, kafin kowa ya ji a lasifika, ka zo da ƙafarka Zurmi ka durƙusa ka rera mata ita kaɗai.

Ni dai na daina. Jiya da hantsi yayarka ta bar mini jaririnta za ta asibiti, ya tashi yana ta tsala kuka. Na saɓa shi a kafaɗa, na buɗe baki kamar kullum, sai na kama kaina. Na laluba ko ina da wata, ashe duk shekarun nan ita kaɗai gare ni. Haka na yi ta zagaya tsakar gida da shi ina jijjigawa bakina a rufe, har ya gaji ya yi barci.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya tsare bakinka da hannunka daga haƙƙin mutane, ya tsare naka daga hannunsu. Allah ya buɗa maka ta inda ba za ka ji kunyar kowa ba, ya dawo mana da kai lafiya. Babanka yana gaishe ka, 'yan'uwanka suna gaishe ka. In ka yi salla ka sa baffanka cikin addu'a. Na tambayi gwaggonka, ta ce sunansa na yanka Muhammadu.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.